Kyaftin ɗin Jirgin Gali

Ranar sadakar bakwai ta Ba Mikail, wanda duk unguwar Bulabulin ta sani da Kyaftin, matarsa Ya Kellu tana zaune a ɗakin takaba tana amsa gaisuwar mata, sai babbar 'yarta Muhsinat ta leƙo ta ce wani dattijo ya zo ta'aziyya daga Biu. Ya ce sunansa Manasse, tare suka yi aikin sojan ruwa da Baba.

Carbi ya suɓuce daga hannun Ya Kellu. Matan da ke wurin suka ɗauka baƙin ciki ne ya taso mata, suka shiga ba ta haƙuri. Alhali tsoro ne ya kama ta. Ta san Manasse tun zamansu na bariki a Legas. Mutumin kirki ne, ba ta musa ba, amma bakinsa ba shi da linzami. In ya ji daɗin zama, har abin da ba a tambaye shi ba sai ya faɗa, ya kawo ranar da aka yi, ya lissafa waɗanda suka shaida. Kuma cikin waɗanda suka rage a duniya, shi ne ya san abin da ta shekara arba'in tana dannewa: Kyaftin bai taɓa zama kyaftin ba. Kuku ne.

Wata wasiƙa ce ta jawo komai. A shekarar 1983 aka ƙara wa Mikail girma, ya zauna ya rubuto wa mahaifiyarsa cewa yanzu shi ke kula da gali, mutum shida ne a ƙarƙashinsa. Gali, a bakin ma'aikatan jirgin ruwa, kicin ne. To amma a Maiduguri, inda babban ruwan da aka sani shi ne Ngadda, shi ma rabin shekara yashi ne, wa zai san wannan? Tsohuwa ta kai wasiƙar wurin wani malamin firamare ya karanta mata. Malam ya gyara tabarau, ya maimaita layin sau biyu, ya ce ai magana a fili take: Gali sunan mutum ne, jirage kuwa sunayen mutane ake sa musu, saboda haka an ba ɗanta jirgi guda sukutum.

Da Mikail ya zo hutu, tun daga tasha aka tare shi da ganga. Ya tarar an yanka rago, unguwa ta cika, tsohuwa ta sha ado tana tsaye a ƙofar gida, hawaye na zuba. Ya buɗe baki zai gyara zance, ya dubi fuskarta, ya mayar da bakinsa ya rufe. Bai sake buɗe shi a kan wannan magana ba har ya koma ga Allah.

Sai dai a yi masa adalci, mutumin bai taɓa yin ƙarya ba. Ko sau ɗaya bai ce shi kyaftin ne ba. Gaskiya yake faɗa tsagwaronta, mutane su ɗauke ta su kai inda suka ga dama. In an tambaye shi yaya Gali yake, sai ya girgiza kai ya ce, "Zafi. Wuta ba ta mutuwa a cikinsa." In samari suka ce ko ya taɓa riƙe makami, ya ce, "Kullum da wuƙa a hannuna." Wata rana maƙwabcinsa Ba'ana, mai sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road, ya matso kusa ya rage murya ya ce, tsakani da Allah, rai nawa ya kashe? Kyaftin ya tuna kajin da suka bi ta hannunsa, ya ce, "Ba za su ƙirgu ba. Amma kowanne sai da na yi bisimilla." Ba'ana ya yi mako guda yana gaishe shi daga nesa.

Ita ma Ya Kellu tana da nata kason a cikin wannan sirri, shi ya sa ta riƙe shi da hannu biyu. 'Yar dillalin shanu ce, ta tashi da allura a hannu. A ɗinkin hula ba a kama ƙafarta, amma tsakaninta da tukunya babu jituwa. Tuwon farko da ta yi masa suna amarya da ango, ya cinye tas, ya ce alhamdulillahi, ya sha ruwa kofi uku. Washegari ya zo ya tsaya a bayanta, ya karɓi muciya a hankali, ya ce ta je ta huta. Ta huta har shekara arba'in da shida, sai dai in yana teku.

Da ya yi ritaya suka dawo Bulabulin, sai tsarin ya zauna daram. A kulle ƙofar gida, Kyaftin ya tuɓe babbar riga ya shiga kicin, ita kuma ta zauna kusa da ƙofa da hularta da zarenta, tana gadi. In an yi sallama ta miƙe ta shafa ɗan gari a zane ta fita. Burabiskon Ya Kellu ya yi suna har Gwange. Amare sukan zo ta koya musu miya, ta ce musu abin a hannu yake, ba ya koyuwa. Ita ma dai ba ta yi ƙarya ba, hannun ne kawai ba ta faɗi na wane ne ba.

'Ya'ya biyar suka haifa, kuma kamar ƙaramin jirgi ya tafiyar da gidan. Akwai usur na tashi, akwai usur na cin abinci, ran Asabar a jeru a duba farce da bayan kunne. Amma duk tsawar ta usur ce kawai. Ya san wanda ba ya son albasa, ya san wadda attaruhu ke sa wa tari, tukunya ɗaya zai dafa amma kwanon kowa daban. In yaro ya yi zazzaɓi, shi ke goya shi, a gaban kowa, bai damu da dariyar maza ba. A Legas yakan kai su bakin teku ranar hutu, ya zauna can nesa a kan yashi yana gadin takalma, ya ce ruwa ya ishe shi a wurin aiki. In motar da suka shiga ta hau doguwar gada, sai ya rufe ido yana motsa baki. Ya Kellu ta sha nuna wa yara shi tana cewa su koyi ambaton Allah wurin ubansu.

Daga Legas kayan da ya taho da su ba su da yawa, amma a ciki har da wata ƙatuwar tukunyar alminiyam mai cin buhun shinkafa guda, wadda ya saya da kuɗin sallamarsa. Maƙwabta suka ce me kyaftin zai yi da wannan? Ya ce ruwa zai riƙa tarawa. Ya kuwa tara ruwan a ciki, don kada ya zama ya faɗi abin da ba haka ba.

Wannan tukunya ce ta yi rana lokacin ambaliyar 2024. Kyaftin yana Gomari a gidan Muhsinat, ya je kwana biyu taya su hidimar suna, wato dai a ɓoye shi ke dafa abincin. Ya Kellu ta zauna a gida saboda ciwon gwiwa. Da gari ya waye ruwa ya cinye unguwa, ita tana kan teburin da ta ɗora a kan gado, ruwa na lasar ƙafafun teburin, tana kiran sunayen maƙwabta ba mai ji. Can da hantsi sai ga kan Kyaftin ya shigo ta ƙofa, kai kaɗai, sauran jikin duk yana cikin ruwa. Ya jawo tukunyar da ke yawo a tsakar gida, ya kwashe ruwan cikinta, ya ce ta shiga.

Ta ce, "Ni? A tukunya? A gaban jama'a?"

Ya ce, "Shiga, Kellu."

Ta ce, "Za ka iya kuwa?"

Ya ce, "Shekara talatin da biyar na yi a aikin ruwa."

Sai ta shiga. Ya kama bakin tukunya da hannu biyu yana turawa, ruwa wani wurin a ƙirji, wani wurin a haɓa, ita kuma tana zaune a ciki da ƙullin hulunanta a cinya tana yi masa faɗa. Ta ce ya cika nawa. Ta ce ya daina girgiza tukunya. Ya buɗe idonsa mana ya ga hanya, addu'a ai da ido buɗe ma ana yin ta. Da ta ga hannuwansa na rawa har tukunyar na ƙara, ta ce wai shi sojan ruwa guda, tura tukunya ya gagare shi? Ya ce sanyi ne. Haka suka fito har kan titi, mutanen da ke kan rufi suna kabbara, wasu na ihu suna cewa ga Gali nan ya iso. Aka kai ta Gomari. Shi ya zauna kwana tara a makarantar da 'yan unguwa suka fake, ya ce mata yana taimakawa da duba aiki.

Bayan shekara guda da 'yan watanni ya kwanta ciwo na kwana huɗu, ya cika bayan la'asar, kansa a cinyarta. Maganarsa ta ƙarshe da ita, kafin kalmar shahada, ita ce ta riƙa ɗanɗanawa kafin ta ƙara gishiri.

To wannan mutum ne Manasse ya zo zai tona a gaban jama'a, a ƙofar gidansa, kabarinsa ko bushewa bai yi ba. Ya Kellu ta ce wa mata za ta ɗan zaga. Ta ja gwiwarta ta shiga kicin, don tagarsa tana kallon rumfar da maza ke zaune. Ta leƙa. Ga shi nan kuwa, ya tsufa, ya rame, amma muryar tana nan yadda ta san ta. An ba shi kujera saboda ƙafarsa, ya zauna a tsakiya, har ya soma.

"Ai ni da Maikel," haka mutanen Legas suka mayar da sunan Mikail, "rana ɗaya aka ɗauke mu. Bari in ba ku labari."

Ya Kellu ta damƙo hannun Muhsinat, wadda ta biyo ta, ta ce, "Maza a kai wa baƙo abinci. Duk abin da ke gidan nan. Kada a bar bakinsa ya zauna haka nan."

Aka kai sinasir ɗin da maƙwabta suka aiko. Ya ci, ya yaba, ya ce to kamar yadda yake faɗa. Aka kai dafa-duka. Ya ci, ya sassauta bel, ya ce ina ma ya tsaya? Aka kai kunun gyaɗa, aka kai shayi, aka kai dabino. Mutumin nan siriri ne kamar sillen kara, amma duk abin da aka ajiye sai ya ga bayansa, kuma tsakanin loma da loma yana matsowa kusa da jirgi. Ya wuce horo, ya wuce Kalaba, ya iso shekarar ƙarin girma.

Ya Kellu ta ce, "Me ya rage?"

Muhsinat ta dubi ƙasa ta ce, "Ya, sai burabiskon da kika yi da safe."

Da safen nan ta shiga kicin da kanta, karo na farko tun da Kyaftin ya yi ritaya, don kada a ce sadakar bakwai ta wuce ba a ɗanɗani hannun Ya Kellu ba. Matan da suka ci sun tauna a hankali, sun ce Allah sarki, baƙin ciki har a girki yake fitowa. Ba wata dabara, ta ce a kai.

Manasse ya kai cokali ɗaya baki. Ya tsaya. Ya ajiye cokalin, ya cire hula, sai ga hawaye.

Ya ce, "Yanzu na yarda Maikel ya tafi. Tun da na zo ina ganin kamar zai fito. Amma wannan hannun Madam ne, na san shi tun Legas. In da Maikel na da rai, wallahi ba zai bari wannan ya fito waje ba." Ya share ido. "Kuku irin Maikel ba a sake yi ba. Shekara ashirin da shida yana riƙe da gali. Kicin ɗin jirgi, ai kun gane. Manyan hafsoshi har rigima suke a kan wanda za a tura shi jirginsa."

Ya Kellu ta dafa bango. Shi ke nan, ta ce a ranta, an gama da su, shi da ita, a cokali ɗaya.

Sai ta ji wani ya yi tari, tarin da ke son zama dariya. Ba'ana ne. Na kusa da shi ya kama, liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafin a ce kwabo rumfar makoki ta kece da dariya, tsofaffi na share ƙwalla suna istigfari.

Ba'ana ya ce, "Wushe, sannu da zuwa, Baba Manasse, amma ka makara. Ni tun tuni nake zargi. Wane kyaftin ne zai zo Baga Road ya ɗaga banda ya shinshina, ya ce wannan da ɗanyen itace aka ƙyafe ta? To lokacin ruwa, a makarantar da muka fake, aka kawo mana shinkafa, samari suka ɗora, suna neman mayar da ita kunu. Mutumin nan ya zaga tukunyar sau uku yana cizon yatsa. A na huɗu ya tuɓe riga ya ce ku ba ni ludayin nan. Loma ɗaya na yi na ce, wannan ai girkin Ya Kellu ne, ga shi kuwa Ya Kellu tana Gomari."

Liman ya ce, "A ranar muka haɗu muka ce kowa ya kama bakinsa, har matanmu. Kwana tara yana ciyar da mutum kusan ɗari huɗu, ba wanda ya kwana da yunwa, ba wanda ya yi wa wani wawaso. Usur ɗaya zai busa a jeru. In wannan ba kyaftin ba ne, a nuna mana kyaftin."

A kicin Ya Kellu ta zauna a kan turmi. Kunya ta rufe ta, ta tuna matan da suka ce baƙin ciki ne ya ɓata girki, munafukai, ashe sun sani. Amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, har ta ji tana murmushi. Muhsinat na gefe tana dariya ba sauti.

Ba'ana bai gama ba. Ya ce, "Kuma ko ba komai, sojan ruwa ne na gaske. Da ka ga yadda ya shiga ruwan nan ya fito da matarsa a tukunya. Wurin da samari suka ja da baya, ruwa har wuya. In ba gwanin iyo ba, wa zai yi?"

Manasse ya ce, "Iyo? Wa?"

"Kyaftin mana."

"Maikel ya shiga ruwa?" Muryarsa ta sauya. "Ku daina wasa da ni, ni ba yaro ba ne."

Suka rantse masa. Wani ya nuna masa alamar da ruwa ya bari a bangon gidan, sama da kan mutum in yana zaune a kujera, ya ce a lungu ya fi haka zurfi.

Manasse ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ce, a hankali, yadda bai taɓa magana ba, "Maikel bai iya iyo ba. Ranar gwajin iyo ya shanye rabin tafkin, da ƙyar ya kai gaɓa, ni na jawo shi da wuyan riga, ya yi kwana biyu yana amai. Daga ranar ko kwatami ya gani sai ya zagaye. Kun san abin da ya sa ya nemi a kai shi gali? Saboda ba shi da taga. Shekara talatin da biyar, mutumin nan bai taɓa tsayawa a bakin jirgi ya kalli teku ba. In igiya ta taso, rufe ido yake ya riƙe tukunya, hannunsa na rawa."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Ya Kellu ta ji maganar ta shige ta har ƙashi. Takalman da yake gadi a bakin teku. Idon da yake rufewa a kan gada. Ita da ta ɗauka ba abin da ba ta sani ba game da mutumin nan, ita mai gadin sirrinsa, ashe ƙaramin ya ba ta ta riƙe, babban ya bar wa kansa. Ta so ta ce wa Mikail maƙaryaci, ta bi maganganunsa na ranar ambaliya ɗaya bayan ɗaya tana neman ƙaryar. Shekara talatin da biyar a aikin ruwa, gaskiya ne. Sanyi kuwa an yi shi. Ba ta samu ko ɗaya ba, sai faɗan da ta yi ta zuba masa tun daga ƙofar ɗaki har kan titi.

Muhsinat ta share fuska ta ce, "Ya, in sa a ƙara masa wani abu? Akwai sauran dabino."

Ta ce, "A'a. A kai masa ruwa kawai. A bar shi ya yi ta magana, duk abin da ya sani ya faɗa. Ki buɗe tagar nan sosai."

Tukunyar tana nan a kusurwar kicin inda ya mayar da ita, cike da ruwa. Ya Kellu ta jawo turmin kusa, ta ɗora hannuwanta biyu a bakinta, daidai inda ya riƙe, ta fashe da kukan da tun ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba.

Ta ce wa tukunyar, "Da ka gaya mini, wallahi da ban shiga ba."

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa. Can ta gyaɗa kai, ta ce, "To. Na gane, Kyaftin."